Inna Taibatu Mai Tausa da Wuyan Safara'u

A unguwarmu ta Talata Mafara, in mace ta ce bayanta ya riƙe ko ƙugunta ya ƙi miƙewa, ba a tambayar ta inda za ta. Gidan marigayi Abdu mai auna shinkafa za ta, ɗaki na ƙarshe kusa da rijiya. Nan Inna Taibatu take, da tukunyar ruwan zafi, da ƙwaryar man kaɗe, da bakin da ba ya jin tsoron kowa.

A Bakura aka haife ta, gidan manoman fadama, tun kafin a tare ruwa a Bakalori. Kakarta ungozoma ce. A wurinta ta ga yadda ake gasa jikin mai jego da ruwan zafi da ganyen runhu, da yadda ake bin jijiya da babban yatsa tun daga ƙeya har zuwa kafaɗa, a hankali, kamar mai laluben gyaɗa a cikin ƙasa. Ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba. Da aka kawo ta Mafara tana amarya, sana'ar ta biyo ta a tafin hannu. Ta haihu sau da yawa, ƙyanda da zazzaɓi suka kwashe wasu, mata biyu suka rayu, ɗaya na aure a Ruwan Gizo, ɗaya a Gusau. Da mijinta Abdu ya rasu, gidan ya koma hannun ƙaninsa Balarabe, dillalin albasa, wanda Taibatu ta tarar yana yaro da majina a hanci, har wanka ta sha yi masa. Ya bar mata ɗakinta. Yakan faɗi haka a majalisa, "ai na bar mata ɗakinta," da murya irin ta wanda ya gina masallacin Juma'a.

Masu dashen shinkafa da suke yini a sunkuye cikin ruwa, masu surfe, masu ɗauko itace daga daji, tsofaffi masu sanyin ƙashi, duk tabarmarta suke kwanciya. Takan tsoma tsohon zane a ruwan da aka dafa da ganyen dogon yaro, ta matse, ta ɗora a inda ke ciwo har naman ya saki. Sannan ta lakato man kaɗe. Hannuwanta ƙanana ne, busassu kamar reshen sabara, amma in ta danna wurin da ya ƙulle sai babbar mace ta yi salati. Tana aiki tana tsiya. "Ke da kika haifi tagwaye, yatsana ɗaya kike ma kuka?" Kuma ba ta taɓa cewa tana maganin komai ba. In mace ta zo kanta na sarawa, idonta na ganin duhu-duhu, sai ta ce, "Tahi asibiti a auna jininki. Hannuna ba shi da ido. In kin sha maganinsu ki dawo in kwance miki abin da ya rage." Haka ta tsufa, tsakanin hayaƙi da tururi.

Sai shekarun nan suka zo, shekarun 'yan bindiga. Mutanen ƙauyukan Maradun, daga wajen Janbako da Faru da garuruwan da ko sunansu ba mu sani ba, suka yi ta kwararowa, wasu a babur, wasu a ƙafa da tabarma a ka. Suka cika kangayen da masu kuɗi suka fara ginawa ba su ƙarasa ba. Matansu suka zo da wata cuta da ba ta da rauni, ba ta da zazzaɓi. Barci ya ƙaurace musu, ƙirji ya yi nauyi, kafaɗu suka ɗage suka manne da kunnuwa. Mu kuwa muka tarbe su da abin da muka fi arziki da shi. Haƙuri. Mun yi ta zuba musu shi ba awo, safe da yamma, a ƙofar masallaci da bakin rijiya. Ya haƙuri? Sai haƙuri. Wanda bai ba su tsabar gero ba ya ba su haƙuri, ya tafi gida ransa fari.

Cikinsu akwai Safara'u, matar wani manomi mai suna Dikko, daga wani ɗan ƙauye bayan Faru. Ba ta tsufa ba, amma in ka gan ta daga nesa sai ka ɗauka an ɗaura mata itace a baya. Wuyanta ba ya juyawa. In aka kira ta daga gefe, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, tun daga ƙafa.

An kashe mata ɗa a gonar gero lokacin girbi, saurayi, Misbahu. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi a wajenmu. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunansa ba. Ana yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi. In ya faɗi yana ƙarami ya fasa gwiwa, kau da kai take yi har wata ta ɗaga shi. In ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan yaron". Ta gan shi ya yi tsawo, ya fara gemu, ya iya huɗa, duk da wutsiyar ido. Ranar da aka kawo gawarsa a kan amalanke, ta shiga madafa ta dama fura ga masu gaisuwa. Ko ɗigon hawaye. Mata suka yi ta yaba ta: kai, Safara'u akwai kunya, Safara'u akwai kara, haka iyayenmu suke. Ba a daɗe da watsewar zaman makoki ba wuyan ya ƙulle.

Ba a zauna ba. Wanzami ya kafa mata ƙaho a ƙeya ya zuƙe jini baƙi. Ta sha rubutu. Da suka iso Mafara aka kai ta asibiti, aka ce jininta ya hau, aka ba ta ƙwayoyi, ciwon kai ya lafa. Wuya yana nan yadda yake. Wata malamar asibiti ce ta ce a ci gaba da shan magani, a kuma samu mai gasa mata wurin. Haka ta faɗo tabarmar Taibatu.

Matata Kubura tana zuwa ɗakin saboda gwiwarta, takan kuma taya tsohuwar iza wuta. A bakinta na ji abin da ya faru. An yi zuwa na farko da na biyu, ana gashi ana tausa, wuya kamar ana danna turmi. A wani zuwan, da hantsi, Taibatu ta tsaya da hannunta a kan ƙeyar matar.

"Wuyan ga naki ba nama ba na, dutsi na. Mi kika aza mishi?"

"Ba komi, Inna."

"Ba komi ba shi da nauyi haka. Wa anka kashe miki?"

Safara'u tana kwance rub da ciki, fuskarta a tabarma. Da ƙyar ta ce, "Wani yaro na. Na wajen uwar mijina."

"Na wajen uwar mijinki. Ita ta yi naƙudarshi?"

Safara'u ta ƙara cusa fuska a tabarma. Taibatu ta ci gaba.

"Ni ban san yaron wajen kowa ba. Mi sunanshi?"

"Haba, Inna."

"Kubura, ja muna ƙofa." Kubura ta ja. "To, ɗiyata. Nan ba suruka, ba dangin miji, ba mutanen garinku. Daga ni sai wagga mai gurguwar gwiwa, ita ko kurma ta in na ce mata kurma ta. Ke kika ɗauke shi wata tara. Mi sunanshi?"

Tana magana yatsanta na kan ƙullin, tana murzawa. Kubura ta ce da farko ba ta ji komai ba sai numfashi. Sannan sunan ya fito ƙasa-ƙasa, kamar mai ɗanɗana abinci mai zafi. Sannan ya sake fitowa. A na gaba kuwa da dukkan ƙirjinta ta kira shi, kira irin na uwar da ɗanta ya yi nisa a daji magariba ta kawo kai. Misbahu! Misbahu! Duk kiran da ba ta yi ba tun yana rarrafe, na cin tuwo, na dawo gida, na kar ka je gonar nan yau, suka taho a tare suna ture juna. Taibatu ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta dai ci gaba da tausa, tana cewa, "Kira shi. Naki na. Kira shi."

Da kukan ya ƙare matar ta yi barci a nan kan tabarma, barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Da ta farka, Kubura ta yi mata sannu daga gefen murhu, sai ta juyo da kai. Kaɗan ne, bai kai rabi ba, amma kai ne ya juyo, ba jiki ba. Taibatu ta ce, "Ki dawo jibi. Ƙullin da ya shekara da shekaru ba a kwance shi rana guda."

Amma katangar gidan Balarabe ta ƙasa ce, kuma gajera. A bayanta akwai wata mata 'yar garinsu Safara'u da ta zo ɗiban ruwa. Ta gane muryar, ta gane sunan. Ta ajiye bokiti ta dafe ƙirji. Ai ɗan farinta ne! Wace uwa ce mai hankali za ta buɗe baki ta kira sunan ɗan fari, har maza na ji a titi? Safara'u da ko a ranar gawa ba ta yi ba? Wannan ba ita ba ce. Wani abu ne ya shige ta yake magana da bakinta.

Kafin la'asar magana ta gama kangayen 'yan gudun hijira: iska ta kama matar Dikko. Kafin wayewar gari maganar ta ƙara ƙiba: a ɗakin tsohuwar nan aka tayar da ita, ashe ba tausa kaɗai ake yi ba in an ja ƙofa, girka ake yi, bori ake yi. Unguwa guda, da manyanta da masu carbinta, aka rasa wanda zai kawo abu mafi sauƙi a ransa, cewa mace ce aka kashe wa ɗa take kuka. Mun yarda aljani ya taso daga wani kogo ya san sunan Misbahu. Ba mu yarda uwarsa ta san shi ba.

Balarabe ya shigo gida babbar rigarsa na jan ƙasa. Tsakaninsa da Taibatu akwai wasan matar wa da ƙanin miji, sun yi shekaru suna yi, don haka ta tarbe shi yadda ta saba.

"A'a, mijina na kaina. Albasa ta faɗi ta, ko wata ta ƙi ka?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Mi kike yi min cikin gida?"

"Abin da nike yi tun kana fitsarin kwance."

"Gari duk ya ɗauka gidana gidan bori na. Jiya ko hannu wani bai ba ni ba a masallaci."

"Bori? Ka ga garaya? Ka ga baƙin bunsuru? Ga ɗakin nan, shiga ka duba. Man kaɗe na da ruwan zafi. In aljani na cikin man kaɗe, to kai ma shi ya raine ka, don da shi na shafe maka ƙazuwa."

"Mace ta kira sunan ɗan farinta da ihu, ki ce lafiya?"

"Sai ta kira na wa? Naka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce daga yau ba 'yar gudun hijirar da za ta sake taka masa gida. Masu jego da tsofaffin unguwa su zo, amma ƙofa a buɗe. In ba ta iya ba, ga hanyar Ruwan Gizo nan, 'yarta na can.

Taibatu ta aika Kubura wurin matar limamin unguwa, Malam Nuruddeen, a tambayo mata: kukan uwa zunubi ne? Amsa ta dawo mai kyau. Malam ya ce hawaye rahama ne, Manzon Allah da kansa ya zubar da su a kan ɗansa. Abin da aka hana shi ne yaga tufafi da marin fuska da jayayya da hukuncin Ubangiji. Ya ce rashin kiran sunan ɗan fari al'ada ce, ba aya ba ce. Gaskiya tsantsa. Amma a cikin gida ya faɗe ta, ga matarsa, da murya ƙasa. Da Balarabe da Dikko suka same shi a zaure gaban jama'a, abin da ya ce kawai shi ne a bi a hankali, a yawaita addu'a. Ya san magana ɗaya daga bakinsa bayan sallar Magariba za ta kashe wutar. Ya ga yawan masu hura ta, ya naɗe maganarsa ya sa a aljihu.

Dikko ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Mutum ne da aka raba da gonarsa da shanunsa da ɗansa, yana kwana a ɗakin da ba ƙyaure, yanzu kuma ana ce masa matarsa ta haukace. Shi ma bai taɓa kiran sunan yaron ba. 'Yan garinsu suka kewaye shi, kowa da shawara, aka ce akwai wani mutum a wani ƙauye kan hanyar Bakura da yake fitar da iska. Ya ɗora ta a babur ya kai ta. Ta ce masa lafiyarta lau, wuyan ma ya fara saki. Aka ce ai haka suke cewa.

Na san masu ruƙiyya na gaskiya, masu karanta Alƙur'ani a kan marar lafiya cikin natsuwa har zuciyarsa ta kwanta. Wannan ba ya cikinsu. Ɗaki ne mai duhu, da kasko, da barkono a kan garwashi, da tsumagiya. Ya lulluɓe Safara'u da bargo ta shaƙi hayaƙin, sannan ya tambaya: wane ne kai, me ya sa kake kiran Misbahu? Ta ce ita ce, ɗanta ne. Ya ce aljanin mai taurin kai ne, ya ɗaga tsumagiya. Ta sake cewa ɗanta ne. Ya sake ɗagawa. Safara'u ba wawiya ba ce. Ba ta daɗe ba ta gane amsar da ke sa bulala ta tsaya. Ta ce ba ta kiran kowa. Ta ce ba ta san mai wannan sunan ba. Mutumin ya yi kabbara ya ce aljanin ya fita. Aka dawo da ita Mafara, mata suka yi ta zuwa barka.

Taibatu ta ji. An hana matar zuwa wurinta, amma ita tsohuwar ba a ɗaure mata ƙafa ba. Da rana tsaka ta ɗauki ƙwaryar mai da zanen gashi, ta ratsa unguwa da sandarta, ba ta gaida kowa ba, har kangon da su Dikko suke. Ta same shi a ƙofa yana gyaran igiya.

"Sannu da zuwa, Inna. Ina wuni, ina gajiya?"

"Gajiya na wurin matarka. Kauce."

"Inna, an ce kar a sake…"

"Wa ya ce? Wanda ya dake ta? Kai Dikko, ɗanka na anka kashe ko ɗan maƙwabci?"

Ya sunkuyar da kai. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya matsa gefe.

Safara'u na zaune a kan buhu, ta jingina da bangon da ba a yi wa shafe ba. Da ta ji sallama ta juyo, da jikinta gaba ɗaya, tun daga ƙafa.

"Lafiya lau nike, Inna. Na warke."

"Na ji. Kwanta in gani."

Ta miƙa hannu wajen ƙeyarta. Matar ta ja da baya har ta bugi bango.

"Don girman Allah, Inna, kar ki taɓa min wuya. In kin taɓa, sunan nan hitowa za ya yi. In ya hito can za su mai da ni."

Tsohuwar da ba a taɓa rufe wa baki ba ta tsaya da hannu a sama. Sannan ta ce, "To. Bar wuyan. Kawo bayan in shafa ma sawun bulala mai, kar ya ruɓe."

Wannan ta yarda. Ta kwanta rub da ciki, ta zame riga. Bayan duk ya yi layi-layi, wasu sun bushe, wasu na ruwa. Kafin hannun ya sauka sai ta jawo gefen mayafinta, ta dunƙule, ta cusa a baki ta cije. Taibatu ta shafa man a hankali, layi bayan layi, tana kaucewa kafaɗa, tana kaucewa ƙeya, ita da ta san daidai inda ƙullin yake, yana nan ƙasa da yatsanta kaɗan. Ba sautin da ya fita.

Da ta fito, Dikko ya miƙe tsaye. Da gaske yake tambaya, idonsa na neman a ce masa bai yi kuskure ba.

"Ya kika gan ta, Inna? Ai da sauƙi, ko?"

"Ta yi shiru," in ji Taibatu. "In shi kunka nema, kun samu."

Ta bar musu ƙwaryar man ta koma gida da sandarta. Safara'u ba ta sake zuwa ba, Taibatu kuma ba ta sake neman ta ba, don ta ce ba za ta zama sanadin bulala ta biyu ba. Da damina ta kama, Dikko ya kwashe iyalinsa suka koma wajen danginsa a Maradun. Wata da ta ga Safara'u a can kwanan baya ta ce wuyan yana nan yadda yake.